Malama Haulatu Ta So Zama Lauya

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna koyarwa a firamare ɗaya da Malama Haulatu a Babban Mutum. Ni ina aji uku, ita tana aji huɗu, bango ɗaya ya raba mu. Ta bangon nan na fara saninta. Akan yi wani lokaci da hantsi in ji ajinta ya yi tsit, ba muryar malama, ba hayaniyar yara. In na leƙa sai in tarar da ita tsaye a bakin taga da alli a hannu, ta zuba wa gonakin bayan makaranta ido, yaran kuma sun zuba mata nasu suna jiran ta dawo. Sun saba. Can sai ta juyo ta tambaye su inda aka tsaya, su faɗa mata, ta ci gaba da darasi kamar ba abin da ya faru.

'Yar Malam Dabo ce, wani manomi mai gero da wake da ɗan riɗi a gabashin gari. Ta yi makarantar horon malamai, aka aurar da ita ga Ɗantsoho, mai sayar da hatsi da ke bin kasuwannin Baure da Zango da Mai'aduwa. 'Ya'yansu huɗu. Babbar ita ce Khairunnisa, wadda uwar ba ta taɓa kama sunanta ba saboda kunyar 'yar fari, sai dai ta ce "waccan". Haulatu doguwa ce siririya, mai tafiya a hankali, mai magana ƙasa-ƙasa. Ba wanda zai gan ta ya ce akwai wani buri a ranta da ya wuce ta ga ƙarshen zangon karatu lafiya.

A bazarar 2007 rigimar iyakar gona ta tashi tsakanin mahaifinta da maƙwabcinsa, Kabo. Wata tsohuwar aduwa ce ke raba gonakin biyu tun zamanin iyayensu, iska ta kayar da ita shekaru da suka wuce, gara ta cinye kututturen, sai kowa ya riƙa tuna wurinta yadda ya fi masa. Mai gari ya yi ƙoƙari abin ya faskara, aka tafi kotun shari'a. Malam Dabo ya tsufa, muryarsa ba ta fita sosai, 'ya'yansa maza kuma duk suna Legas wajen neman abinci, saboda haka ya wakilta Haulatu ta yi magana a madadinsa.

Ban je ba, amma ta ba ni labarin ya fi sau ashirin. Ta ce da alƙali ya ba ta dama, sai ta ji tsoron da ta shigo da shi ya sauka daga kafaɗarta. Ta fara ba da labarin yadda take kai wa mahaifinta fura gona tana 'yar shekara takwas. Daga bakin hanya taku nawa ne zuwa aduwar, ina inuwarta take faɗawa da azahar, da wane gefe gidan tururuwa yake, wanda har yanzu yana nan. Ta ce tana magana tana ganin bishiyar tsaye a tsakiyar kotun, har da ƙayoyinta. Da ta yi shiru sai alƙalin, wani dattijo mai farin gemu, ya cire tabarau ya dube ta.

"Malama," in ji shi, "da shari'a kika karanta, da kin wahalar da mu a ɗakin nan."

Aka yi 'yar dariya. Daga baya aka fita gonar aka auna, aka yi sulhu, kowa ya saki kunya biyu daga gonarsa, magana ta mutu. Malam Dabo da Kabo suka koma zama a tabarma ɗaya bayan la'asar. Haulatu ce kaɗai ba ta dawo daga kotun nan ba.

Duk daminar ta yi ta da maganar dattijon a ranta. Wata rana lokacin hutun tara, muna zaune a gindin darbejiyar makaranta muna cin ɗanwake, ta ce min tana so ta zama lauya. Na ɗauka wasa take, na yi dariya, sai na ga ba ta taya ni ba. Shekarunta talatin da biyar a lokacin. Ta riga ta bincika komai. Sai ta zauna jarrabawar JAMB kamar 'yan sakandare, ta ɗauki Turanci da adabin Turanci da darasin tsarin mulki da ilimin addinin Musulunci, kuma sai ta ci maki mai yawa cikin ɗari huɗu, domin kowa ɗansa lauya yake so ya zama. Bayan nan shekara biyar a jami'a, sannan shekara guda a makarantar lauyoyi. Na ƙirga mata da yatsu, na ce in komai ya tafi daidai tana da arba'in da biyu za ta gama. Ta ce ai ko ba ta yi ba, arba'in da biyun za ta zo.

Na yi zaton Ɗantsoho zai hana. Mutum ne mara yawan magana, wanda bai wuce aji shida ba, kuma bai taɓa shiga kotu ba a rayuwarsa. Ta ce da ta faɗa masa yana ɗinke bakin buhu ne, bai ɗago ba sai da ya gama, sannan ya tambaye ta ko lauyoyin nan ana barinsu su yi salla a kan lokaci. Ta ce ana bari. Ranar kasuwar Daura ta gaba ya dawo mata da fom da littattafai huɗu a cikin buhun da ya yi awon gero, ƙaiƙayi duk ya shiga tsakanin shafukan.

Daga nan karatu ya kankama. Tana karatu lokacin tara, tana karatu bayan azahar in yara sun tafi Islamiyya, tana karatu a bakin murhu da littafi a kan gwiwa. Da kaka ta zo aka yi girbi, takan ɗauki tabarma ta tafi gonar mahaifinta ta zauna a ƙarƙashin wani gawo, inda ba mai kiranta. Amma karatun Haulatu ba irin na mutane ba ne. In ta karanta layi uku a kan yadda ake raba iko tsakanin majalisa da kotu, sai ta ajiye littafin a cinya ta tafi. Takan ga kanta cikin baƙar riga a wani babban ɗaki a Katsina, ɗakin da ba ta taɓa shiga ba, mai dogayen tagogi da fankoki suna juyawa a hankali. Abin da ke ba ta mamaki, in ji ta, duk lokacin da ta leƙa ta tagogin ɗakin nan ba birni take gani ba, gero take gani ya fitar da kai yana kaɗawa har iya ganinta.

Kuma ba abin da ba ta yi wa shari'a a zuci. Akuyar maƙwabta ta ci wake, sai ta tsaya wa akuyar. Raƙuma sun tsallako daga Nijar da kanwa sun bi ta gefen gona, sai ta yi ta tsara abin da za ta faɗa in an kai mai raƙuman ƙara, sannan ta koma gefen mai gonar ta rushe abin da ta gina. Wani lokaci in muna dawowa daga makaranta nakan ga leɓenta yana motsi, in tambaye ta wa ya ci, ta ce an ɗaga zama.

Adabin Turanci ne ya fi ba ta wuya, domin ba ta taɓa yin sa a makaranta ba. Waƙoƙin suna maganar abubuwan da ba ta taɓa gani ba, teku da jiragen ruwa da ƙanƙarar da ke rufe gari. Ba wai ba ta son su ba ne, son su ne ma ya yi yawa. Tana iya wuni a kan baiti huɗu tana ƙoƙarin jin sanyin da mai waƙar yake ji, alhali tambayar da za a yi mata ba ta wuce sunan salon da ya yi amfani da shi ba.

An yi jarrabawar a Daura cikin tsananin zafin bazarar 2008. Ɗantsoho ya kai ta a mota tun ana jibi, ta sauka a gidan wata gwaggonta a cikin gari. Ta ce da ta shiga ɗakin, yaran da ke ciki suka miƙe suna gaishe ta, sun ɗauka ita ce mai tsaron jarrabawar. Ta nemi lambarta ta zauna a bencin da ya yi wa ƙafafunta kaɗan. Aka raba takardu, da ta tambayoyi da ta amsa mai ƙananan gurabe da ake cikewa da fensir.

A takardar Turanci akwai wani ɗan labari da ake so a karanta a amsa tambayoyi biyar a kansa. Labarin wani gari ne da aka gina a kan ruwa, inda mata ke zuwa kasuwa a kwalekwale, yara kuma su koyi iyo kafin su koyi tafiya. Haulatu ta karanta, ta sake karantawa. Ta fara tunanin yadda ake raba gado a garin da ba ƙasa, da yadda ake sanin iyakar gidan wani in ruwa ne tsakani. Ta ga wata mata tana tuƙa kwalekwale cike da busasshen kifi, ta bi ta lungu-lungu har ƙofar gidanta. Da mai tsaron ya ce saura minti goma sha biyar, fensirinta yana nan a kan tambaya ta tara.

Sakamako ya fito bayan ruwan farko. Ta je Daura ita kaɗai, ta shiga wani shagon kwamfuta kusa da tasha, aka kankare mata katin duba sakamako aka buga. Ɗari da saba'in da huɗu. Ta ce ta daɗe tana kallon takardar, tana jiran lambobin su gyara zama. Ta ninke ta huɗu ta sa a jaka, ta shiga motar Baure, ta zauna a bakin taga. Ƙasa ta jiƙe, mutane sun fito shuka ko'ina, miji a gaba da sungumi, mata da 'ya'ya a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ta ce tun daga Daura har Zango ba ta ji baƙin ciki ba, ji ta yi kamar an ba ta saƙon wata ta kai mata. Sai da aka wuce Zango hawaye suka zo, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar mai gudun iska.

Kwana tara ba ta faɗa wa kowa ba. Ni na gane, amma ban tambaya ba. Ɗantsoho ma na tabbata ya gane, domin a satin nan sau biyu yana dawo mata da tsire ba dalili. A rana ta goma ta je gona ta sami mahaifinta yana duba tsiro, ta faɗa masa. Ya tambaye ta cikin nawa ne, ta ce cikin ɗari huɗu. Ya yi lissafi a ransa, sannan ya ce ai ta kusa rabi, kuma shi a shekarar da ya sami rabin abin da ya shuka ba ya kiranta mummunar shekara. Ta yi masa bayanin cewa abin ba haka yake ba. Ya saurare ta har ta gama, ya ce to, ya miƙa mata ƙwaryar irin wake ta taya shi cike gurbin da bai tsiro ba. Suka yi ta yi har rana ta take.

Shekara ta biyu ta sa ni aiki. Ta kawo agogon bangon ɗakinta makaranta, kullum bayan an tashi mukan zauna a ajinta, ta ɗauki tsofaffin tambayoyi ni kuma in riƙe agogo. In na ga idonta ya fara tafiya wajen taga sai in ƙwanƙwasa tebur da abin goge allo. Da farko nakan ƙwanƙwasa sau goma a zama ɗaya. Zuwa watan azumi ya koma sau biyu, daga baya ma ba na ƙwanƙwasawa. Ta koyi karanta tambaya kafin labari, ta koyi tsallake abin da ba ta sani ba, ta haddace sunayen salon waƙa kamar jadawalin sau. Ta rame, ta yi kaifi.

Wannan karon ta ci ɗari biyu da ashirin da ɗaya. Ranar da ta dawo da takardar har gida ta same ni, ta miƙo min, muka rungume juna a tsakar gida. Aka kira ta Kano jarrabawa ta biyu wadda jami'a ke yi wa masu neman shiga, ta je ta yi. Da sunaye suka fito babu nata a sashen shari'a. Waɗanda aka ɗauka duk sun fi ta da maki ashirin ko fiye. Wani ma'aikaci mai kirki ya duba takardunta ya ce in tana so za a iya ba ta gurbi a sashen koyar da malanta. Ta yi masa godiya, ta ce daga can ta fito.

Wannan faɗuwar ta fi ta farko ciwo nesa ba kusa ba. A ta farko ta san abin da ta yi. A wannan kuwa ta yi duk abin da aka ce a yi, ta hana kanta abin da ta fi so, kuma bai isa ba. Ta tattara littattafan ta zuba a buhu ta ɗora a kan rumbu. Ɗantsoho ya ce mata ya ji akwai kwalejin shari'a a nan Daura da ke ba da difloma, ba sai an je nesa ba. Ta ce masa difloma ba ta sa wa mutum baƙar riga, cikin wata murya da bai taɓa ji daga gare ta ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Zangon karatun nan gaba ɗaya ajinta bai yi tsit ko sau ɗaya ba. Tun daga ƙararrawar safe har ta tashi ina jin muryarta ta bango, tana koyarwa ba tsayawa, ba kuskure. Hedimasta ya yaba mata a taron malamai. Ni kuwa nakan tsaya da alli a hannu ina sauraron ko shirun nan zai dawo, bai dawo ba.

Khairunnisa ce ta sauko da buhun. A shekarar ta gama sakandare, za ta zauna tata jarrabawar, aikin jinya take so, ba ruwanta da shari'a ko kaɗan. Turanci ke ba ta wahala, sai ta roƙi uwar ta duba mata. Haulatu ta fara da cewa minti goma kawai, aka wayi gari su biyu suna kwance rubda ciki a tabarma ɗaya da littafi a tsakaninsu. Da Ɗantsoho zai sayo wa 'yar fom, sai ya sayo biyu, ya ajiye ɗayan a kan akwatin matarsa. Kwana uku yana nan. A na huɗu ta cike.

Tare suka tafi Daura a 2010, aka sa su a makarantu daban-daban. Da sakamako ya fito Khairunnisa ce ta je ta karɓo musu duka biyun. Ta dawo da la'asar ta wuce ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Haulatu ta ɗauka yarinyar ce ta faɗi, ta bi ta tana lallashi, tana gaya mata cewa ita sau biyu tana faɗuwa ga ta nan da ranta. Da ƙyar yarinyar ta zaro takardun daga ƙarƙashin matashi. Ita ta ci ɗari biyu da talatin da takwas. Uwar ta ci ɗari da casa'in da shida.

"Umma, wallahi ban so in fi ki ba," in ji ta, tana kuka.

Haulatu ta ce ta dubi takardun biyu, ta dubi 'yar, sai dariya ta kufce mata. Ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, ƙannen suka taru a bakin ƙofa suna kallo. A ranar ne, in ji Khairunnisa, ta fara jin sunanta a bakin uwarta. Ta ce, "Khairunnisa, tashi ki wanke fuska, yau ranar farin ciki ce a gidan nan." Aka yanka zakara.

Ba wai ciwon ya tafi ba ne. Ta gaya min cewa har makonni bayan nan takan farka da safe da lambar a bakinta, ɗari da casa'in da shida, kamar ɗacin magani. Amma ta daina ɓoye shi. In matan unguwa suka tambaye ta ya lauyanci, wasu da tausayi wasu da zolaya, sai ta faɗa musu makin nata ɗaya bayan ɗaya, na shekara ukun, kamar mai faɗin shekarun 'ya'yanta.

Bayan sallar layya muka je wani biki Baure. Muna fitowa sai ga alƙalin nan zaune a ƙofar wani gida a kan kujerar roba, ya yi ritaya, ya ƙara tsufa, yana jan carbi. Haulatu ta tsaya cak. Ta gyara mayafi ta ƙarasa ta durƙusa ta gaishe shi, ni ina bayanta. Ta tuna masa shari'ar Malam Dabo da Kabo, da aduwar, da abin da ya faɗa mata a ranar. Ya saurara da kyau, kansa a karkace. Ya ce ta yi haƙuri, shari'ar gona ya yi ta fi dubu, wannan ba ta zo masa ba. Ya tambaye ta ko shi ne ya faɗi hakan da gaske. Ta ce shi ne. Ya yi murmushi ya ce to in ya faɗa, lalle ya ga alama ne, domin shi ba ya yabon banza a kan kujera. Ya sa mata albarka, ya tambayi lafiyar mahaifinta, ya koma kan carbinsa.

A mota na yi ta satar kallonta, ina tsoron abin da zan gani. Shekara uku da rabi ta yi tana ɗauke da magana ɗaya, ga mai maganar ya manta ya yi ta. Amma fuskarta sakayau take. Muna gab da shiga gari ta ce min, "Larai, ashe ba bashin kowa a kaina. Ni kaɗai ce nake so." Daga nan ta juya ga taga har muka sauka. Washegari da hantsi na ji ajinta ya yi tsit.

Ita da kanta ta koma wa Ɗantsoho da maganar kwalejin Daura. Ta nemi hutun ƙaro karatu aka ba ta, ta shiga difloma a 2011, tana kwana a gidan gwaggonta daga Litinin zuwa Alhamis. Ba duka karatun ya yi mata daɗi ba. Dokokin shigar da ƙara da na kamfanoni sun gundure ta, ta ce kamar tauna ƙaiƙayi. Amma darasin shaida da na gado da na ƙasa, waɗannan in ta dawo ranar Alhamis sai ta tsare ni a zaure ta juye min su duka, ko ina so ko ba na so. Malam Dabo ya rasu tana shekara ta biyu, bai ga gamawarta ba. Ta gama da sakamako mai kyau, irin wanda za ta iya neman shiga jami'a da shi kai tsaye. Ta karɓo fom ɗin ma, ta karanta shi tun daga farko har ƙarshe, sannan ta ba wata ƙaramar malama da ke sha'awa.

A 2013 aka mayar da aikinta daga hukumar ilimi zuwa ɓangaren shari'a, aka tura ta wata ƙaramar kotu a yankinmu a matsayin mataimakiyar magatakarda. Ba ta tsayawa ta yi magana a gaban alƙali, ba ta sa baƙar riga. Aikinta ta karɓi ƙara, ta ba da ranar zama, in an zauna kuma ta rubuta abin da kowa ya faɗa a babban littafi. Matan ƙauye da ke tsoron ƙofar kotu sukan tsaya daga nesa har sai sun hango ta, sannan su matso. Takan zaunar da su a benci ta bar su su faɗi abin da ya kawo su tun daga inda suke so su fara, ko da daga ranar aurensu ne.

Bara na je wucewa ta garin da kotun take na ce bari in biya mata. Na tarar ana zama, sai na tsaya a inuwar baranda. Ɗakin ƙarami ne, fanka ɗaya, ita ma ba wuta. Wani Buzu da wani mai lambu ake yi wa shari'a a kan raƙumin da ya shiga ya ci albasa. Haulatu tana gefen alƙali a ɗan teburinta, ta sa tabarau yanzu, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Buzun yana magana da Hausarsa mai karkata, ita kuma tana binsa da biro, ba ta ɗago ba sai da ya kai aya.

Da aka tashi ta kulle littafin a kabad ta fito. Muka sayi gyaɗa dafaffiya a bakin hanya muka zauna jiran mota. Ta ba ni labarin Khairunnisa da ke aiki a asibiti a Katsina, da ciwon gwiwar Ɗantsoho wanda ya sa ya rage bin kasuwanni. Na tambaye ta wa take ganin zai ci tsakanin Buzun da mai lambu. Ta ce ba a tambayar ma'aikacin kotu wannan, sannan ta rage murya ta ce shingen mai lambun ba shinge ba ne, ko tunkiya za ta tsallake. Hadari ya taso daga gabas, motar ta zo a cike, direba ya ce mutum ɗaya kawai zai ɗauka. Ta ce in shiga, ita tana da sauran rubutun da za ta gyara kafin gobe, za ta biyo ta baya.